Inda Iya Ke Buga Awartaki

An kashe mutanen gidanmu a yini ɗaya. Ubana, uwata, baffannina da matansu da 'ya'yansu, da kakata da muke kira Iya. An ƙone ƙauyen har da coci. Ni na fita da sara a kafaɗa, da matata, da 'yarmu ta fari a goye. Ba zan faɗi su wane ne suka yi ba, ba kuma zan faɗi yadda aka yi ba. Na faɗa wa ma'aikatan gwamnatin ƙasar nan, suka rubuta, suka bar ni na zauna. Ya isa.

Abin da zan faɗa na Iya ne.

Mu maƙera ne. Hausawa ne, amma ba a ƙasar Hausa na tashi ba. Kakanninmu sun gangara kudu da jakuna da zugazugi, suka sauka a gindin dutse cikin wasu manoma masu yarensu daban. Manoman suka ba su fili a bakin gari, ba a tsakiya ba. Muna ƙera musu fartanya da garma da lauje, muna ƙera wa makiyaya wuƙa da gatari. Da bishara ta zo, gidanmu ya shiga coci tare da manoman. Daga nan muka zama mutanen da ba a san inda za a ajiye su ba. A kasuwar ƙauye in muka buɗe baki, a ce ga Hausawa. A birni in aka ji sunana Ishaya, a ce wannan ba Bahaushe ba ne. Ban yi makaranta ba. Abin da na sani a bakin wuta na koye shi, rabi wajen ubana da rana, rabi wajen Iya da yamma.

In rana ta faɗi maza suka ajiye masaba suka tafi wanka, garwashin maƙera ba ya mutuwa da wuri. Mace ba ta zama a maƙera, amma Iya ta tsufa har ta wuce dokar. Sai ta jawo 'yar kujerarta kusa da uwar maƙera, ƙaton ƙarfen nan da ake dukan aiki a kansa, ta miƙe ƙafafu wajen ɗumi saboda ciwon gwiwa. Mu jikoki mu kewaye ta. Kowa ya zo da abin da ya samu, gyaɗa ko rogo ko masara, a tura cikin toka. Ita ke riƙe da awartaki. Ita ke juyawa, ita ke rabawa. Wanda ya kai hannu kafin a ba shi, awartakin zai sauka a bayan hannunsa. Har yau in ƙamshin abin da ya fara ƙonewa ya haɗu da warin ƙarfe mai zafi, sai in ji kamar in na waiwaya zan gan ta.

Ni ta fi tsokana.

"Ga mijin nan nawa mai kan tulu ya iso," za ta ce. "Kullum sai ci. Ko ƙyallen ɗaure kai bai taɓa saya mini ba."

Ni kuma in ce ai na sake ta, na sami mai haƙora. Ta yi ta dariya har tari ya kama ta.

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa. Amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Sai ta gyara zama ta ce, "Wannan ba ƙarya ba ce, kowa ya rufe bakinsa." Labarin Keniyawa ne. Iya ba ta iya karatu ba. Matar mai bishara ce ta karanta musu a zumuntar mata, gutsure-gutsure, wani a farkon Littafin, wani can tsakiya. Iya ta tattara ta ɗinke su a kanta. Mai bisharar kuma ya taɓa ce mata ana zaton Keniyawa maƙera ne. Tun ranar ta mai da su danginta.

Ga yadda take ba da shi. Musa ya gudu daga ƙasar sarkin da ke neman ransa, ya zube a bakin wata rijiya, ko takalmin kirki ba shi da shi. 'Yan mata suka zo shayar da tumaki, wasu makiyaya suka ture su, ya tashi ya tsaya musu. Da uban 'yan matan ya ji, ya yi musu faɗa don sun bar baƙo a waje, ya sa aka kira shi ya ci tuwo. Ya ci, ya zauna, aka ba shi mata. Mutanen gidan nan su ne Keniyawa. Ba su da gari, in ji Iya. Tanti ne da jaki da zugazugi. Duk inda ake neman ƙarfe, nan ne gida.

Bayan shekaru Musa ya fito da Isra'ilawa daga bauta, jama'a kamar fara, suka shiga jeji. Mutanen da suka tashi a kan kwaɓa tubali, me suka sani a jeji? Ba su san inda ruwa yake ba, ba su san inda ake kwana ba. Sai Musa ya roƙi wani ɗan gidan surukansa ya tafi da su. Mutumin ya ce shi gida zai koma. A nan Iya takan sauke murya, ta yi ta Musa, kamar mai neman aron fartanya ranar da kowa ke gona.

"Haba ɗan'uwa. Kai ka san dajin nan. In ka tafi ai mun makance. Duk abin da muka samu da kai za a ci." Sai ta koma muryarta. "Kun ji ko? Annabi guda, mai magana da Allah, yana lallashin maƙeri."

Suka tafi tare. Da aka isa ƙasar aka raba gonaki gida goma sha biyu, kowa da nasa. Keniyawa ba sa cikin sha biyun. Suka kafa tanti a gefen kabilar Yahuza, inda ƙasa ta fara komawa jeji.

"A bakin gari," Iya ta ce, tana nuna gidajen manoma da haɓa. "Ba a tsakiya ba."

Zamani ya shuɗe. Wani sarkin Isra'ila ya tashi yaƙi da Amalekawa, Keniyawa kuwa a lokacin suna zaune a cikinsu. Kafin ya zare takobi sai ya aika musu su fita daga cikin mutanen, don kakanninsu sun yi wa nasa kakannin alheri a jeji. Suka naɗe tanti suka fita, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Wannan wurin Iya ta fi so. Takan maimaita shi.

"Maƙeri ba shi da abokin gaba," za ta ce. "Manomi na son fartanya, makiyayi na son wuƙa. Ranar da wani abu zai faru, za a aiko mana."

Ƙarshen labarin jera asali ne. Da dattawan Isra'ila suka zauna jera zuriyar Yahuza, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har bakinsu ya bushe, can a ƙarshe sai suka sa Keniyawa. Ba jininsu ba ne, amma suka sa. Wata rana Saratu, 'yar baffana, yarinya mai bakin tambaya, ta ce, "To Iya, su Keniyawan wa ya haife su?"

Iya ta juya rogo kafin ta amsa. "An ambaci wani kakansu guda, daga nan shiru. An dai ce ga su nan, na gida ne. Ke wutsiyar saniya ba a jikin saniya take ba?"

Daga nan sai ta jera namu. Ba ta taɓa gama labarin Keniyawa ta tashi ba ta jera ba. Tanko ya haifi Barau. Barau ya haifi Gagare, wanda ya gangaro da jakuna. Gagare ya haifi Na-Allah. Na-Allah ya ɗauki Gambo, wanda ya zo neman ruwan sha ya zauna yana zuga har ya mutu, shi ma namu ne. Na-Allah ya haifi... sai ta ɗaga awartaki ta buga a kan uwar maƙera. Ƙwal. Shi kuma ya haifi, ƙwal. Shi kuma ya haifi, ƙwal. "Shi kuma ya haifi wannan mummunan mijin nawa."

Bugu uku. Na farko surukinta ne. Na biyu mijinta. Na uku ɗanta na fari, ubana. Mace mai kunya ba ta kama sunan waɗannan ukun, Iya kuwa ba wanda ya kai ta kunya. Ubana da furfurarsa a gemu, "wannan yaron" take ce masa. Mu abin dariya ya zame mana. Mukan riƙe duwatsu muna jiran wurin, in ta buga mu buga tare. A bugu na uku Saratu takan yi ihu ta ce "Dauda," sai Iya ta ja zane ta rufe fuska.

"Marar kunya. Allah ya ba ki miji mai suna mai wuyar faɗa."

Sauran biyun ba mu sani ba. Kakana ya mutu kafin a haife mu, Dogo kawai ake ce masa. Ubansa kuwa ba mai ambato. Manya sun sani. Ubana ya sani, baffannina sun sani. Gida cike yake da waɗanda suka sani, to gaggawar me?

Ita kanta Iya ba ta cikin jerin. Mata ba sa shiga. 'Ya'yanta Iya suke ce mata, mu ma Iya. Mutanen gari su ce Matar Dogo. A coci Mama. Na girma, na karɓi masaba, na yi aure, na haihu, tana nan da ranta. Na kai mata 'yata ta tofa mata albarka. Ban taɓa tambayarta sunanta ba. Ba abin da ake tambaya ba ne.

Ba a aiko mana ba.

A ƙofar maƙera na ga gawar Iya, awartakin na gefenta. Ban tsaya na ɗauka ba.

Shekaru da yawa na ƙi jinin labarin nan. In fasto ya kusanci wurin a wa'azi sai in tashi in fita. Tsohuwa ta zauna ta gaskata cewa alheri yana aiko manzo, ga inda ta ƙare. Wuƙaƙen da aka zo da su ban duba ba, amma na san a yankin nan gida ɗaya ne ke ƙera wuƙa.

Da muka sauka New York ban san kowa ba. Wani mutumin Nijar, Isufu, mai teburin huluna da wayoyin caji wajen titin Concourse, ya ji ina yi wa matata Hausa a bakin titi, ya tare mu. Ya ji sunana, ya ga gicciyen da ke wuyan matata Talatu, bai canza fuska ba. Shi ya nuna mini yadda ake hawa jirgin ƙasa, shi ya kai ni shagon da nake walda har yau, muna yin ƙofofin ƙarfe da sandunan taga. Fasto yake ce mini, ni da ko harafi ban cika ganewa ba. Ni kuma Liman nake ce masa. Talatu ta rasu a nan, ciwon suga. Ya zo jana'iza ya tsaya a bayan coci da hularsa.

Yarinyar da muka fito da ita a goye a nan ta girma. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta a fuskarta ba. "Ke" nake ce mata, ko "Yarinya." Tana ƙarama ta taɓa yin kuka a kan haka, ta ce iyayen ƙawayenta suna kiransu da suna, ita me ta yi? Uwarta ta ce mata ai girma ne aka ba ta. Ba ta gane ba. Ta dai saba.

Lokacin sanyi, in ƙanƙara ta hana fita, takan zauna kusa da hita ta ce in ba ta labarin Iya. Na ƙi na Keniyawa da farko, sai ta ji shi a bakin uwarta, ta dame ni. Na ba ta, na tsallake wurin sarki da aike. Na jera mata asali da cokali da murfin tukunya. Tana son bugun kamar yadda muka so shi. Ita ma ba ta tambaya ba. Ta ɗauka na sani, kunya ce kawai.

Ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta auri Yakubu, yaron Ghana da ya tashi a Zangon Kumasi, direban bas, a cocinmu suka haɗu. Yaron kirki ne. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Daga kicin za ta ɗaga murya, "Yakubu," a gabana, kamar tana kiran ƙanenta. Na yi mata magana, ta yi dariya ta ce to da me za ta kira shi, da cokali?

A bara Yakubu ya kira ni ina shago. Da Hausarsa ta Zango ya ce, "Baba, ya sauka lafiya. Mace ne."

Na wanke hannu na tafi asibiti. Tana kwance, jaririyar na kan ƙirjinta. Aka miƙo mini, na riƙe. Hannuna duk kanta ne da ƙuna, na ji tsoron in ƙwarzane ta. Yakubu ya ce shi danginsa suna da yawa, gari guda ne, ita kuwa ba ta da kowa sai ni, don haka ya bar mata zaɓen suna. A nan ba a jiran ranar suna. Kafin a sallame ku gida ana son a rubuta sunan jariri.

Yarinyar ta faɗa da Turanci. Sai ta sake faɗa da Hausa, don kada in ce ban ji ba.

"Baba, sunan Iya zan sa mata. Mene ne sunanta?"

"Iya."

"A'a. Sunanta na gaskiya."

Na dubi taga. Ana ganin jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada.

"Baba, na san ba ka son faɗa. Ka faɗa wa Yakubu a kunne, ni zan fita."

"Ban sani ba."

Ta ɗaga kai daga matashi. "Kamar yaya ba ka sani ba? Ka zauna da ita har ka yi gemu."

"Ban sani ba."

"To su biyun da kake bugawa fa? Kakanka da ubansa?"

Na sunkuyar da kai. Ta gane. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya fuska wajen bango, ta ce a hankali, "Ashe ba kowa a wurin."

An sare ni da adda ban yi kuka ba. A lif ɗin asibitin nan sai da na dafa bango.

Washegari ban je shago ba. Na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Flatbush wajen wani mutumin yankinmu da ke ajiye lambobin waɗanda suka tsira. Ya samo mini lambar jikan wata tsohuwa, Mama Ladi. Mama Ladi cikin manoman take, ƙawar Iya ce a zumuntar mata, ƙarama a kanta sosai. Yanzu tana birni, idanunta sun tafi. Da aka kara mata waya ta ji ko wane ne, ta yi ta kuka, ta tambayi kafaɗata, ta tambayi Talatu. Na bari ta gama.

"Mama, sunan kakata nake nema."

"Ai Matar Dogo."

"Sunan yanka, Mama."

Ina jin kaji a bayanta.

"Ranar da aka yi mata baftisma fasto ya kira shi. Amma a rafi ne, ruwa na ƙara, mu muna can baya muna waƙa. Kamar Hassana. Ko Hajara. A'a, Hajara ƙanwar mijinta ce." Sannan ta ce, "Yana cikin littafin coci, littafin kuwa ka san inda ya tafi. Ɗana, kada in ba ka ƙarya ka ɗora wa jaririya."

Na yi mata godiya. Ba sauran wanda zan kira.

Ban iya komawa asibiti kai tsaye ba. Na sauka wajen teburin Isufu. Yana jera huluna, ya dube ni sau ɗaya.

"Fasto, mi ya faru? An ce ka yi jika, ka zo da fuskar wanda aka ƙwace wa akuya."

Na zauna a kan akwatin kayansa na faɗa masa. Ban taɓa yi masa doguwar magana irin wannan ba. Ya saurara yana kaɗe ƙura daga hula.

"To tsaya," ya ce. "In da ka samu sunan, kai za ka kira ɗiyar da shi? Sunan kakarka, a bakinka?"

"A'a."

"Mi za ka ce mata?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"A gidanmu duk ɗiyar da aka sa wa sunan tsohuwa, Inna muke ce mata har ita ma ta tsufa. Kai Iya za ka ce. Ko ka sani ko ba ka sani ba, Iya za ka ce."

"Liman, waccan akwai suna a ƙarƙashi. Wannan ba komai a ƙarƙashi."

"Akwai tsohuwar," ya ce. Wata mata ta tsaya tana taya wayar caji, ya juya wajenta.

Bai warkar da ni ba. Amma na sami abin da zan koma da shi. Na faɗa wa yarinyar abin da Mama Ladi ta ce, da abin da Isufu ya ce. Ta daɗe tana kallon jaririyar. Sannan ta ce wa Yakubu ya rubuta Iya. Harafi uku ne, ko ni na iya gane su.

Bikin suna a gidansu aka yi, a unguwar Morris Heights. Dangin Yakubu suka cika falo da shinkafa da wake da surutun yarensu na Twi. Matar Isufu ta aiko da masa. Faston cocinmu ya yi addu'a ya kira sunan, wata tsohuwar Ghana ta ce wannan ai ba suna ba ne, kira ne. Da jama'a suka ragu, yarinyar ta shiga kicin ta fito da cokali da murfin tukunya, ta ajiye a cinyata. Ta zauna a ƙasa da jaririyar, Yakubu na tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, ka jera mata."

Na jera. Tanko ya haifi Barau. Barau ya haifi Gagare. Gagare ya haifi Na-Allah. Na-Allah ya ɗauki Gambo, shi ma namu ne. Na-Allah ya haifi, na buga. Shi kuma ya haifi, na buga. A hannun Iya bugun nan biyu kunya ne. A hannuna ramuka ne. Na uku ban buga ba. Na ce Dauda. Dauda ya haifi Ishaya.

A nan kullum nake tsayawa, don mata ba sa shiga. Amma ba wani namiji a bayana, ba kuma za a yi ba. Na ce, "Ishaya ya haifi," na ɗaga cokalin. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana jiran ƙarar. Ta san doka.

Na ajiye cokalin a kan kujera.

"Ishaya ya haifi Rahila."

Ta ɗago ta dube ni. Tun tana goye take jira, ni ban sani ba sai da na ga fuskarta.

"Sake faɗa," ta ce. Da Hausa.

"Rahila. Rahila ta haifi Iya. Yakubu ya zo daga Kumasi ya zauna, shi ma namu ne."

Yakubu ya ce amin, ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba.

Na yi shekaru ina ganin labarin Keniyawa labarin aike ne, shi ya sa na ce ƙarya ne. Yanzu wurin ƙarshe nake tunani. Dattawan nan da suka zauna jera zuriya, ba wanda ya tilasta musu. Suna iya tsayawa a kan jininsu su tashi. Wani a cikinsu ne ya buɗe baki ya ce, maƙeran nan fa? Da bai ce ba, da wata tsohuwa a gindin dutse ba ta taɓa jin an yi su a duniya ba. Iya ta riƙe wannan wurin da kyau. Ta sa Gambo, baƙon da ya zo shan ruwa. Ta sa maza tun daga Tanko. Kanta ne kawai ta bari a waje, da mutum ukun da ta fi girmamawa.

Ban ce ta yi laifi ba. Kunyarta kyakkyawa ce, kuma a gida mai cike da mutane ba ta ɓatar da komai. Ta dogara ne da cewa kullum za a sami wani a gefe da zai yi ihu ya faɗi sunan, kamar Saratu. Ni ma da haka na dogara. Na zauna kusa da gwiwarta yamma bayan yamma, rogo a bakina, ina ce mata na sake ta. Da na ce, "Matata, ya sunanki?" da ta ja zane ta rufe fuska, ta zage ni, wataƙila kuma ta faɗa. Kaka tana faɗa wa jika abin da ba ta faɗa wa ɗa. Ko numfashi biyu tambayar ba za ta ci ba.

Yanzu ina Morris Heights, a ƙaramin ɗakin da ke gefen kicin ɗin su Rahila. Ina zuwa shago har yanzu, kafaɗar tana ciwo in sanyi ya shigo. In Rahila ta ɗaga murya ta kira mijinta, ba na cewa komai. Jikata Iya ta fara tafiya, tana bin bango. Da yamma nakan ɗora ta a cinya kusa da hita in jera mata. Ita ke riƙe cokalin, kuma ta riga ta san wuri biyun da ake bugawa.